Tirelar da Baba Ya Gina wa Inna

Ranar wata Alhamis ce, farkon hutun bazara na shekarar da na gama aji huɗu, aka jawo tirelar nan cikin farfajiyar siton da muke zaune a unguwar Gubaira, cikin Riyad. Ina tsugune bakin famfo ina wanke kwanuka sai ga a-kori-kura ta shigo tana jan wani faffaɗan akwati mai taya biyu, tsayinsa bai wuce ƙugun babban mutum ba. Ni da ƙanena Iliya muka ɗauka akwatin kayan aiki ne. Baba ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gefensa ya shiga juyawa, yana nishi saboda tsatsa, sai murfin ya fara tashi, tamfol yana miƙewa ta kowane ɓangare, har ya zama ɗaki sosai, da gado a kowane ƙarshe da tagogin raga. Iliya ya ruga da gudu ya ɓuya bayan tulin bulo. Kafilin Baba, uban gidansa da ya tsaya masa a takardun zama, shi ne ya gaji da ita, ya ce a kai ta bola, Baba ya roƙa aka bar masa.

Baba magini ne tun a ƙauyensu na ƙasar Maraɗi, gadin siton kayan gini ya kawo shi Riyad. Inna kuwa aiki ta zo yi gidan kafilin, a nan aka haife mu, a ɗaki biyu da ke kusurwar farfajiyar. Ba mu san gona ba, tulin yashi da tsakuwa su ne dajinmu. A kansu muke ɓuya, a kansu nake jera 'yan tsanana, da safe kuma a aike ni sayen burodin tamis in dawo ina gutsurar gefensa. A makaranta Larabci, a gida Inna ta hana a amsa mata da shi. A shekarar ne ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Aka ɗora ta kan wankin ƙoda, abin da ya ɗaure ta a birnin nan, don a ƙauyensu babu inda za a yi mata. Likita ya ƙayyade mata ruwan sha, sai dai ta tsotsi ƙanƙara, ga zafin Riyad da ba ya jin magiya. Daga asibiti sai ɗaki, daga ɗaki sai asibiti. Sau da yawa ina yi mata tsifa takan ce, "Rabi, ni fa ba wani abu nake so ba. In dai ƙara ganin inda ƙasa ta haɗu da sama, ba katanga a gabana." Ita da ta tashi tana korar tsuntsaye a gonar gero, sararin da ya rage mata shi ne ɗan abin da katangun sito suka bari.

Baba ya ji, ko da yake bai taɓa nuna ya ji ba. Mutumin da ko sunanta ba ya kira saboda kunya, ina zai ce don matarsa yake wahala? Duk wanda ya tambaya sai ya ce yara ne suka dame shi da son zuwa daji, alhali ni da Iliya ba mu taɓa buɗe baki ba. Ya san ba za ta jure zafin fili ba sai da sanyi, don haka ya je kasuwar gwanjo ya sayo tsohon mukayyif, irin na'urar sanyin nan da ake cusawa a taga, ya ce shi da kansa zai sa. Wani makwabcinmu mai walda ya ce a kira masu aikin, Baba ya ce wanda ya ɗora azara a kan soro ba zai gagara da akwatin ƙarfe ba.

Ya yi aikin kuwa yadda ya iya aiki. Da taƙin hannu ya auna, ya yanke bangon gaba, ya tsaga tamfol ya ɗinke bakinsa da basilla. Ya sa aka haɗa masa firam na ƙarfe mai kauri wanda zai iya ɗaukar jaki, ya ɗaure shi da kusoshi manya-manya, sannan ya kwaɓa farin siminti ya liƙe duk wata kafa, ya shafe da cokalinsa na gini sumul. Ni ce mai riƙe awo, Iliya mai ɓatar da kusoshi. Bayan la'asar kawai yake samun sarari, aikin ya ci makonni, in mun ƙosa ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Duk tsawon lokacin nan murfin yana sama. Ɗaga shi ya ba shi wuya ranar farko, bai ga dalilin sauke shi ba, kuma magini bai saba da ɗakin da ake naɗewa ba.

Ranar da aka kunna, na'urar ta yi tari, ta girgiza tirelar gaba ɗaya, sannan iska mai sanyi ta fito da ƙanshin tsohuwar ƙura. Muka riƙo Inna ta hau. Ta zauna bakin gado ta lumshe ido, ta ce, "Sannu Malam." Ya ce yara ne dai, ya juya yana goge cokalin da babu komai a jikinsa.

Aka sa ranar tafiya, Juma'a bayan masallaci. Baba ya aro mota da ƙaramin janareta. Inna daga zaune ta nuna mini yadda zan dama fura, ta ɗaura atamfar da take ajiyewa don Salla, har da kwalli. Muka kwashe komai muka loda a mota, Baba ya kama ƙarfen ya fara sauke murfi. Ya sauko lafiya har ya kusa rufewa, sai muka ji ƙwas, ya zauna daram a kan firam ɗin. Firam ya ɗara bakin akwatin da kusan taƙi guda, tirela kuwa ba ta tafiya sai a rufe. Ya ɗaga, ya sake saukewa, ya danna da kafaɗa, ya hau ya taka. Aikin Baba ne, ko gezau bai yi ba. Ban taɓa ganin fuskarsa kamar ranar ba, ya tsaya da ƙarfe a hannu yana kallon ƙasa. Inna ce ta fara dariya, dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malam, an ce ka sa wa mota sanyi, kai kuma ka gina soro!" Sannan ta ce a mayar da murfi sama, a shigo da fura, ai mun iso. A nan muka ci abincin tafiya, muna kallon tulin bulo ta tagar raga.

Baba ya ce zai yanke firam ya sassauto da shi. Amma gyaran na nufin a kwance komai na kwanaki, Inna kuma ta riga ta mayar da tirelar wurin zamanta, don nan ne kaɗai take samun barcin rana bayan asibiti. Ya ce bari zafi ya ɗan sassauta. Kafin ya sassauta ƙafafunta sun kumbura, hawa tirelar ma sai an ɗauke ta. Daga nan aka riƙe ta a asibiti. Ta rasu da shigowar sanyi, daidai lokacin da mutanen gari ke ɗaure tantuna a mota suna fita daji, lokacin da babu mai bukatar mukayyif.

Bayan an share makoki na fito da safe na tarar da Baba da guduma da kurfi. Ya farfashe simintin da ya shafe da hannunsa, ya kwance kusoshi, ya sauke na'urar ƙasa. Ya juya ƙarfe, murfi ya sauko salin-alin ya rufe ruf. A nan ya zauna a kan ƙarfen jan tirelar ya rufe fuska da hula, na ji sautin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na yi kuka ranar fiye da ranar jana'iza. Ba a ƙara buɗe ta ba har masu gwangwan suka ɗauke ta, shi kuma bayan 'yan shekaru ya koma gida.

Yanzu ina zaune a unguwar Suwaidi, nan Riyad, da mijina da 'ya'ya uku, kowane ɗaki da sanyinsa, in ya lalace waya kawai ake bugawa. Da hunturu mukan fita daji kamar kowa, yaran suna faɗa da Larabci a kujerar baya. Ranar da muka fara zuwa, ban gama raba musu shayin da na zubo daga gida ba sai na ga gine-gine sun ƙare, ƙasa ta miƙe ja wur har ta taɓa sama. Na ce wa mijina ya tsaya, na fita na daɗe a tsaye. Ashe wurin ba shi da nisa.