Hoton Baba Direba da Ya Ƙi Sauka

Shekara tara yayata tana kula da shafin intanet na wani kamfanin motocin haya. Ofishinta ɗan lungu ne bayan ɗakin tikiti, fanka ɗaya, ita ma sai an zungure ta da biro. Kowa ya kawo ƙorafi, amsarta ɗaya ce: "Ka sabunta shafin." Har direbobi suka laƙaba mata Anti Sabunta.

Ranar Talata manaja ya turo mata hoto, wai na wani korarren direba da ya saci kayan fasinja, a sa a shafin gargaɗi. Yana tsaye a kanta yana "maza, maza", ta ɗora ba ta ko buɗe ba. Ashe tsabar garaje hoton Baba Direba ya turo, dattijon da ya shekara ashirin da shida yana tuƙi, ko allura ba ta taɓa ɓata a motarsa ba.

Tana gani ta saki salati, ta maye gurbinsa da hoton ɓarawon, amma ta bar masa sunan fayil ɗin farko. A kwamfutarta komai daidai.

Sai ranar Alhamis mai tikiti ta miƙo mata waya: ga Baba nan, da ɓarawo rubuce a ƙasa! Ashe akwai wata ma'ajiya a tsakani mai riƙe kwafin hotuna don shafi ya buɗe da sauri. Ita sunan fayil take dubawa, ba fuska ba, tsohon hoton take ta rabawa.

Mabuɗin share ma'ajiyar yana hannun ƙanin matar manaja, wayarsa kuma a kashe. Yaya ta roƙi a rufe shafin, manaja ya ce, "Ni a wajena lafiya lau yake." Ji wani rainin hankali! Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Haka ta wuni tana lalube, sai da la'asar ta canza sunan fayil ɗin, hoton ya sauka.

Washegari Baba ya shigo. Yaya ta juyo masa da kwamfuta.

"Baba, duba, an gyara."

Bai ko kalla ba. Ya ajiye makullin motarsa a teburinta.

"'Yata, surukina ne ya turo min shi. Jikokina ma sun gani. Na cikin idonsu kuma wa zai sauke?"