Ƙauyen da Baba bai zana ba

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi a ofishin ƙaramar hukumarmu, a wani ɗan ɗaki na ƙarshen baranda. Aikinsa zana taswira da riƙe jerin ƙauyuka da yawan mutanensu. Kayan aikinsa ba su da yawa: durowa mai faɗi da ake shimfiɗa taswirori a ciki, rula ta ƙarfe, da gwangwanin fensira da yake fiƙewa da reza. Malam Daidai abokan aikinsa suke ce masa, kuma sunan na yi masa daɗi, ba ya ɓoyewa. Gunduma goma sha ɗaya gare mu, ko daga barci ka tashe shi zai zayyano maka ƙauyukan kowace da mutanen da aka ƙirga. Umma takan ce, "Ya san yawan jama'ar gunduma ta bakwai, amma tambaye shi ajin da 'yarsa take, sai ya hau sosa ƙeya."

Da aka sake raba gundumomi, shekara goma sha huɗu da suka wuce, shi ya ja iyakokin. Taswirarsa na manne a kowane ofishi, har da asibitin da nake aikin rigakafi. Ni kuwa ba na gajiya da nuna wa mutane sa hannunsa a ƙasanta.

Wata Laraba, shekara uku bayan ya yi ritaya, wata mata ta shigo da jariri a goye, ƙafafunta duk busasshen taɓo. Na ɗauko kati zan cike.

"Wace gunduma, baiwar Allah?"

"Duk wadda kika ga dama, ma'aikaciya. Na gabas sun ce mu na yamma ne, na yamma sun ce mu na gabas ne."

Ta faɗi sunan ƙauyensu. Na duba jerin, babu shi. Na je jikin taswira ta kwatanta mini wurin, gefen kogi, sai farar takarda. Ta ce sun fi gida talatin, kuma masu allura ba su taɓa zuwa musu ba, masu ƙidaya ma haka.

Ranar Asabar na je gida da zafina. Muna zaune a tsakar gida, Baba na gyaran tabarau, na kwashe labarin na faɗa masa.

"Baba, wane malalacin aka tura gefen kogi ya kawo maka bayani? Wallahi ya ci amanarka. Irin waɗannan ko gaisuwa ba su cancanta ba."

Umma ta yi mini ido, ban kula ba, na ci gaba da zazzagawa. Sai da na gaji don kaina Baba ya ajiye tabarau a cinyarsa.

"Ni aka tura," ya ce.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Shi kuwa ya ci gaba da magana yana kallon tabarma. Damina ce, kogi ya kawo, sai da kwalekwale ake tsallakawa. Ya je har bakin ruwa da jakarsa, mai kwalekwale na ta kiransa, ya tsaya ya kai rabin awa, ya juyo gida. Tsoron ruwa yake yi tun yana yaro, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba sai Umma. Ya koma ofis ya ɗauko tsohuwar taswira, ya bi kogin da ke jikinta ya ja iyaka, ya sa hannu cewa ya zaga ko'ina. Ashe kogin ya daɗe da sake hanya, mutanen nan sun zauna tsakanin tsohuwar hanyar ruwa da sabuwa. Masu ƙirgar yamma suka tsaya inda layinsa ya tsaya, na gabas suka tsaya inda ruwa ya tare su.

"Daga baya na ji ƙishin-ƙishin akwai mutane a wurin," ya ce. "Na yi shiru. Kullum sai in ce wata mai zuwa."

A lokacin ana shirin sabuwar ƙidaya, saura mako biyu a rufe jerin ƙauyuka. In aka rufe babu su, sai kuma bayan wasu shekaru goma. Wanda ya gaji kujerar Baba ya ce ba zai iya ƙara ƙauye kan rahoton da aka riga aka sa wa hannu ba, sai wanda ya sa hannun ya rubuto da kansa cewa rahoton ba daidai ba ne.

A nan ne nawa abin kunyar ya fito. Ni da na gama cika baki, ni ce na zauna kusa da shi na rage murya.

"Baba, ka rubuta cewa bayan ka zana ne kogin ya kauce. Wa zai bincika?"

Ya dube ni, kallon da har yau ba na son tunawa.

"'Yar nan, shekara shida da kaucewar kogin kafin in zana."

Ya zauna rubuta gaskiyar, takarda huɗu ya yaga kafin ta biyar ta tsaya. Ya sa manyan kayansa ya kai ta ofis da hannunsa. Kafin azahar labari ya zaga baranda. Mutanen da ke rusuna masa a da suka riƙa leƙowa ta ƙofa, wani direba har da ɗaga murya, "A'a, Malam Daidai, an zo gyara ne?" Aka ce wa Baba ya kawo sunayen gidajen ƙauyen da mutanensu kafin Juma'a.

Tare muka tafi. A cikin kwalekwale ya rufe ido ya damƙe hannuna har yatsuna suka yi tsami. Da muka isa, mai unguwar ƙauyen ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, ana ta sa masa albarka, wai ga bawan Allahn da ya tuna da su. Baba ya miƙe ya ce su dakata da godiyar, shi ne mutumin da ya bar su a waje, ya kuma faɗi dalili bai rage komai ba. Can mai unguwa ya ce, "To, zauna ka rubuta mu, rana na yi."

Gida talatin da huɗu muka shiga, mutum ɗari biyu da goma sha bakwai. A gida na ƙarshe wata mata ta ba shi sunayen 'ya'yanta uku, ya rubuta, ya fara rufe littafi.

"Saura ɗaya, Malam."

"Yana ina?"

"Ƙyanda ta ɗauke shi bara waccan. Shekararsa huɗu. Ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba, na ce ko za ka sa shi."

Takardar ƙidaya ba ta da gurbin wanda ya rasu. Baba ya san haka fiye da kowa, shi ya koya wa rabin ofishin nan cike ta. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin matar, ya ɗora littafin a gwiwa, ya tambaye ta sunan yaron. Ta faɗa. Ya zo rubutawa fensirin ya kuɓuce masa ya faɗi, sai matar ta sunkuya ta ɗauko ta miƙa masa.