Jami'ar da Zuhaira Ta Zaɓa

Hashimu mai shagon fotokofi a bakin tashar Tanut bai san dattijon nan ba. Dogo ne siriri, sanye da shuɗiyar riga da ta koɗe, amma har yanzu da karin ninki a jikinta, irin wadda ake ajiyewa don sallar Juma'a. Tafin hannunsa duk kanta ce ta hauya. Yana kwance ƙullin zane a hankali, a ciki akwai leda, a cikin ledar kuma takardun bak, jarrabawar gama sakandare. Ta gefe-gefe yake riƙe su, kada yatsunsa su taɓa rubutun.

"Na ɗiyata ne, Zuhaira," in ji shi. "Tana jinyar uwarta a Gangara. Ta ce ka cika mata takardar neman jami'a a na'urarka."

A jerin jami'o'in, yarinyar ta ja layi da biro a ƙarƙashin guda ɗaya.

"Baba, Yamai fa ta zaɓa. Ga Damagaram nan kusa, duk wata sai ta leƙo gida. In canza?"

Dattijon ya juya yana kallon motocin da ke lodi. Hashimu na ayyanawa a ransa, wataƙila ita ke karanta masa saƙon waya, ita ke tuna lokacin maganin uwar. Wataƙila ma ita kaɗai ta rage a gidan.

Can dattijon ya ɗora yatsa daidai kan layin biron.

"Ta faɗa mini da nisa, ɗana. Rubuta abin da ta ce."