Ɗacin da Na Ji a Maƙogwaro

Ran sha biyu ga azumi, ƙarfe bakwai da minti goma, mun gama shan ruwa ke nan, numfashina ya sarƙe a tsakar gidanmu, bayan rijiyar Kusugu. Tun ranar ba ku ji ɗuriyata ba. Ga dalili.

Wata ɗaya da gama jami'a na fara ganin zobe kewaye da fitila. Ran tara ga azumi aka auna, aka ce hawan jinin ido ne. Aka ba ni maganin ɗigawa, ɗaya safe, ɗaya yamma.

Likita ya ce, "Kina da wani ciwo?" Na ce babu. Ina da asma tun ina ƙarama, amma a raina na ce, me ya haɗa ido da ƙirji?

Washegari na ɗiga, sai na ji ɗaci a maƙogwaro. Sai na yi tunani: kada dai azumina ya karye. Ban tambayi malam ba, ban tambayi likita ba. Na riƙa haɗe na safe da na yamma bayan magariba, har da ƙari.

A rana ta uku na faɗi.

Muryar Inna kawai nake ji tana kiran yayana: "Sani, tada mashin! Ba ta numfashi!"

A asibiti aka sa min iska. Bugun zuciyata arba'in da shida a minti ɗaya.

Wata likita ta ce, "Wane magani take sha?"

Inna ta ce, "Wallahi ba ta shan komai. Sai dai na ido."

"A ɗauko min shi yanzu."

Likitar ce ta yi min bayani daga baya: akwai 'yar kafa a kusurwar ido ta wajen hanci. Ta nan ɗigo yake gangarawa hanci, ya shiga jini. Irin maganina yana matse hanyar iska, yana rage bugun zuciya.

Kwanana huɗu a asibiti. An canza min magani. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa duk wanda ya yi min addu'a.

Don Allah, ku gaya wa likita kowane ciwo gare ku. In kun ɗiga, ku rufe ido, ku danne kusurwar nan minti biyu. Kada ku haɗe ɗigon safe da na yamma.

Abin da har yau ban sani ba:

Ko ɗigo ɗaya ma zai iya kayar da ni.

Yawan ganin da ya rage min a idon hagu; sai awon watan gobe.

Da inda zan kasance yanzu, da a ce Inna ta tsaya a kan "ba ta shan komai."