Bugun Ƙarshe a Yashin Binuwai

Wata Alhamis ce cikin bazara, ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, lokacin ɗan garinmu na Garwa ne ke mulki a Yawunde. Rana ta karkata amma yashin kogin Binuwai bai huce ba, sai ɗaga ƙafa nake ina saukewa. A gabana ga ƙodagon goruba an ɗora shi kan ɗan tulin jiƙaƙƙen yashi, a hannuna ga gora mai lanƙwasasshen kai, a bayana kuma yaran unguwa biyu sun yi tsit. Bugu ɗaya ya rage, kuma nawa ne. Wallahi tafin hannuna ya jiƙe sharkaf.

Wasan ba namu ba ne, aro muka yi. Nasarun da ke aikin auduga sun share wani fili a bayan gari suna buga abin da suke kira golf, mu kuwa in an aike mu yankan ciyawar awaki sai mu laɓe a jikin shinge muna kallo. Muka ga yadda suke ɗora 'yar ƙwallo, su gyara tsayuwa, su maka mata sanda ta lula sama. Ba a jima ba muka yi namu da gora da ƙodago. Alhamis babu lakwal babu allo, don haka da mun cika randuna, mun share ƙofar gida, mun ba awaki dusa, sai bakin kogi. Wuri ɗaya ne mai daɗi a duk gaɓar nan, gindin wata tsohuwar tsamiya, ga inuwa, ga yashi shimfiɗe har bakin ruwa. Mu yaran unguwar Hausawa muna so, yaran Fulani su Buba ma suna so. Aka yi ta dambe har aka fasa wa wani baki, iyaye suka ce in suka ƙara ji, kowa ya yi sallama da kogi. Shi ne muka yanke a tsakaninmu: kowane ɓangare ya fitar da mutum biyu, waɗanda ƙodagonsu ya fi nisa tsamiya tasu ce, waɗanda aka kayar su koma can mashayar shanu, inda babu komai sai ƙaya da kashi da ƙuda.

Ilu, babbanmu, ya zaɓi kansa ya zaɓe ni, kuma ban ga laifinsa ba, don in ni kaɗai ne babu yaron da ya kai ni nisa. Matsalata ido. Da an zuba mini shi sai in damƙe gora har yatsuna su yi fari, kafaɗuna su hau kunne, in riƙe numfashi, in ɗago kai tun ban buga ba. Sai ka ga gora ta nutse a ƙasa, yashi ya tashi, ƙodago yana nan zaune abinsa. Har suna suka sa mini, wai Manomi. Na tsani sunan nan, kuma har gobe ba na son sa.

Makon da za a yi wasan ban huta ba. Da na dawo lakwal sai in zagaya bayan rumbu in yi ta bugu, ina ganin fuskar Buba a raina, ina ƙara lalacewa. Ran nan yayata Adda Mairo tana surfe, ta tsaya tana kallona har ta gaji. "Kai Sule, gorar nan maciji ce da kake shaƙe ta haka?" Na ce ta rabu da ni, wannan ba harkar mata ba ce. Ta yi dariya ta miƙo mini taɓarya. Namiji da daka! Sai da na leƙa zaure na tabbata ba kowa, sannan na karɓa. Na ƙanƙame ta na maka da duk ƙarfina, gero ya watse, kaji suka yi biki, kafaɗata ta amsa. Adda ta karɓe. Ta cilla taɓarya sama, ta sake ta gaba ɗaya, ta tafa, ta tare ta da 'yan yatsu, taɓarya ta faɗa tsakiyar turmi dum, ko ƙwaya ba ta fita ba. "Ɗagawa ce taka, saukowa ka bar mata," in ji ta. "Kuma ka riƙa fitar da iska, ka cika ciki kamar kwaɗo." Kullum da yamma sai na yi mata daka kafin in taɓa gora, ita kuwa ta samu bawa, tana zaune tana tsince shinkafa tana ba da umarni. Ashe ƙanin Buba ya hango ni ta saman katanga. Kafin Alhamis labari ya gama unguwa biyu.

To, ga ni tsaye. Ilu ya buga bai yi nisa ba, abokin bugun Buba ma haka. Buba, dogo mai hannu kamar sanda, ya aika nasa can kusa da inda mata ke shanya wanki, aka kafa kara a wurin. Ina gyara ƙafa sai ya ɗaga murya da Hausarsa ta Fulani: "A ba amarya wuri, ta gama daka, noma za ta yi mana!" Aka kwashe da dariya, har da wasu namu. Ilu bai yi ba. Ya matso ya ce a hankali, "Don Allah Sule, kada ka kai mu wajen shanu." Wannan ya fi zagin Buba nauyi. Na ji yatsuna sun koma shaƙar da suka saba, kara kuma sai ƙara nisa yake yi a idona. Na ɗaga gora, na ji sarai ƙasa zan sara.

Sai na sauke ta na ja da baya. A dokarmu ba a hana ba, amma abin kunya ne, aka kuwa yi mini ihu. Na tsuguna na goga hannuwana a busasshen yashi, na miƙe na girgiza kafaɗu, na fesar da iskar da ta cika mini ƙirji har sai da cikina ya lotsa. Na riƙe gorar sako-sako, yadda ko ɗan yaye zai iya fizge ta. Ban ƙara duban kara ba, wani ɗan tabo na zaɓa a jikin ƙodagon na kafa masa ido. Na yi bisimilla, na ɗaga a hankali, na bar ta ta sauko.

Ƙwas! Ban ma ga tashinsa ba. Ihun Ilu na fara ji, sannan na ɗago na ga yara sun zuba a guje. Ƙodagon ya faɗi dab da kara, ya yi tsalle, ya gangara ya wuce shi da kamar taki guda. Na zauna daɓas ina dariya ina hawaye. Buba ya auna, ya sake aunawa, ya tofar da yawu ya ce iska ce, alhali ko ganyen tsamiya ba ya motsi.

Ba mu mori wurin ba. A shekarar ruwa ya sauka da wuri a kan duwatsu, kogi ya taso, kafin mu ankara yashin ya nutse har gindin tsamiya. Da kaka aka tura ni Maruwa wajen kawuna in ci gaba da karatu, ban ƙara buga ƙodago a wurin ba.

Yanzu manyan motoci ke kwasar yashin gaɓar, tsamiya ta daɗe da faɗuwa, yaran unguwa ba su ma san an yi ta ba. Buba ne kaɗai ya riƙe zancen. Bayan na dawo Garwa mun tsufa a sahu ɗaya a masallaci, kuma duk Juma'a in mun gaisa sai ya matse hannuna ya ce, "Malam Sule, tsakani da Allah, iska ce." Ni kuma in rantse, mu yi ta yi har jikoki su ja mu. Bara ya rasu. Tun daga nan babu mai musa mini, kuma ban san abin zai yi mini ciwo haka ba.