Wuyan Gauraka

Ni ce matar nan ta Ƙaraye da ake cewa ta raba gidan ubanta saboda tsuntsun takarda. Haka ake faɗa a gidajen biki, kuma ban taɓa musantawa ba, don gaskiya ne. Sai dai masu faɗar ba su san yadda aka yi ba, shi ya sa zan faɗa da bakina.

Ilimin halittu na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya. Tun ina aiki nake tara tsofaffin littattafan kimiyya, waɗanda aka buga tun ba a haife ni ba: na itatuwa, na ƙwari, na duwatsu, na taurari. Sa'o'ina suna tara atamfa da kwanuka, ni kuwa takarda mai warin tsufa ce ta shiga raina. Ba a wani babban kanti nake samunsu ba. Akwai wanda na ƙwato daga hannun mai ƙosai a kasuwar Rogo, bayan ta riga ta naɗe wa mutane ƙosai da rabin babin kunamai. Akwai wanda na tono a siton wata tsohuwar makaranta, gara ta cinye bangon ta bar mini cikin. Ina jera su a kan katakon da na tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanayen toka, in cusa busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu. Ni da gara mun daɗe muna fafatawa, kuma har yau ba ta ci ni ba.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne na tsuntsaye. A Rogo Ruma na same shi, wajen wata tsohuwa da mijinta ya yi aikin malamin daji a zamanin da. Fitila take ɗorawa a kansa. Da ta ga yadda nake shafa shi, sai ta ce, "Ɗauki, 'yar nan. Mai shi ya tafi, ni kuma ba boko na yi ba." Hotunan ciki da hannu aka shafa musu launi, har ana ganin inda gashin burushi ya bi, kuma kowane hoto da 'yar siririyar takarda a kansa don kada ya goge. Ga balbela, ga shamuwa, ga burtu da jan maƙogwaronsa. Can wajen tsakiya kuma ga gauraka, ta miƙe dogon wuyanta, da tukkun nan nata mai ruwan zinare.

Muna yara gauraka na sauka a fadamar bayan gari, mukan ji kukanta tun daga gona. Yau babu. Ɗalibaina da yawa a waƙa kawai suka san sunanta, sai da na kai littafin aji na buɗe musu suka ga kamarta. Ni kaina, gaurakar da ta rage mini a duniya ita ce wannan ta takarda.

Da mijina ya rasu na dawo gidanmu, na zauna a ɗakin marigayiya mahaifiyarmu, ni da littattafaina. Yayana ne ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Hatsi da gyaɗa yake saye da sayarwa, kuma kowa ya san mudunsa ba ya ha'inci. Shi ya tsaya mini na yi karatu lokacin da dangi suka ce ya isa haka. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ɗauka mugu ne. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Wata damina na tafi Fulatan ta'aziyya, na ɗan kwana biyu. Na bar wa matar Yaya makulli don ta riƙa buɗe ɗakin yana shan iska. Da na dawo sai na tarar da littafin tsuntsaye a kan tabarma, ga rula da biro a gefensa. Na buɗe. Balbela na fara gani, an ja mata shuɗin layi ya ratsa wuyanta. Na juya shafi, haka. Na sake juyawa, haka. An ja su a miƙe, cikin natsuwa, babu wanda ya karkace. Na yi ta juyawa har na zo inda layin ya fara dusashewa, sannan ya tsaya. Tawadar biron ce ta ƙare. Shafi kaɗan ya rage a kai ga gauraka.

Na sami Yaya a zaure yana auna gero. Ban ko gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba.

"Yaya, wa ya taɓa mini littafi?"

"Sannu da hanya, Auta," ya ce, don haka yake kirana har na yi furfura. "Ni ne. Gyara miki nake yi. A wajen karatu aka yi mana bayani, hoton abu mai rai ba ya zama a gida haka nan, amma in an ja masa layi a wuya ya tashi daga cikakkiyar siffa. Kin ga ban yaga ba, ban ƙona ba. Gobe in na sayo biro sai in ƙarasa."

Da fara'arsa ya faɗa, irin ta wanda ya yi maka alheri yana jiran godiya. Wannan fara'ar ta fi layin ƙona mini rai.

"Ba za ka ƙarasa ba," na ce.

Ya ajiye mudun. "Gidan nan a wuyana yake, ni za a tambaya a kansa. Ko dai a ƙarasa, ko littattafan su bar gidan. Ke kam zama daram, ɗakin uwarki ne."

Ni ma ina salla, ina azumi, kuma ba na wasa da abin da malamai suka faɗa. Na je na tambayi wani malami da nake girmamawa, ya ce magana ce da aka yi saɓani a kanta, musamman hoton da aka yi don koyarwa. Na kawo wa Yaya wannan. Ya saurara har na gama, ya ce shi dai ya zaɓi inda ya fi samun natsuwa. Ban ga laifinsa a nan ba. Ya bi abin da zuciyarsa ta kwanta da shi, amma ya tsaya a kan kayansa. Littafin nan ya yi shekaru a daji, ya tsira daga ruwa da hayaƙin fitila da masu ƙosai, ba zan riƙe shi da hannuna a yanka ba.

Sai dangi suka fara sintiri. Wannan ta ce, "Layi ne fa kawai, tsuntsun ai yana nan." Waccan ta ce in kai su makaranta, ko in ba maƙwabta ajiya. Wato in riƙa sa mayafi ina zuwa gaishe da littattafaina a gidan mutane, yara suna yagar shafi suna yin jirgi. Wata ma cewa ta yi tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ce mata in haka ne ya daɗe da taɓa ni, tun ina budurwa.

Na ɗauki mayafina na tafi wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage a manya. Bayan mun gaisa na ce masa ina so a fitar mini da kasona na gado a gidan.

A wajenmu mace ba ta yin haka. Haƙƙinta ne, kowa ya sani, amma akan bar shi a hannun 'yan'uwa maza, ya zama wurin komawa in duniya ta juya. Wadda ta nemi nata, ana kallonta kamar ta ce ba ta bukatar kowa. Baffa ya daɗe yana kallona.

"'Yata, kin san abin da kike nema kuwa?"

"Na sani, Baffa. Ya ce ba za su zauna a gidansa ba. To, a ba ni nawa gidan."

"A kan tsuntsu?"

"A kan abina."

Aka kira masu rabo. Kasona ya faɗa kan ɗakin mahaifiyarmu da ɗan filin da ke bayansa har katanga. Yaya da kansa ya riƙe bakin igiyar awo, kuma bai rage mini ko faɗin yatsa ba. Bai yi mini magana ba, ni ma ban yi masa ba. Magini ya zo ya ja katanga ta raba tsakar gidan da muka yi rarrafe a cikinta, ya fasa mini ƙofa ta lungun baya. Ina tsaye ina kallo ginin yana tashi, har ya rufe mini murhun matar Yaya, har ya rufe rijiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ce a dakata ba.

Tun dawowata gidan, kullum da hantsi nakan je in gaishe shi. Da can tsakar gida kawai nake ratsawa, ko mayafi ba na ɗauka. Washegarin gama ginin na yi shiri kamar mai zuwa unguwa, na kulle ƙofata, na bi lungu, na zaga ta bakin masallaci, na ɓullo ta titi. Mutanen da ke zaune a dakali suka bi ni da ido, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya don kada su ce kunya nake ji. Na tsaya a ƙofar gidan da aka haife ni, na yi sallama, na jira.

Ya amsa daga zaure, ya ce, "Bismilla, shigo." Ya miƙe ya ɗauko tabarmar baƙi da ke jingine a kusurwa, ya karkaɗe, ya shimfiɗa mini. Na zauna a kai. Muka yi ina kwana, muka yi ya gajiya, idonsa na kan buhunan gero. Sannan ya yi mini tambayar da tun da na dawo bai taɓa yi mini ba, don ba a yi wa wanda ake gida ɗaya da shi.

"Ya gida, Auta?"

Na ɗaga kai na dube shi sosai.

"Gida lafiya lau, Yaya."