Ranar da kunyar suruki ta ƙona mini amfilifaya

Ko da zan manta komai a rayuwata, ban da yammacin da na tsaya ina kallo aka kashe mini amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a ƙauyen Kusasu. Har yau in na tuna sai na ji raina ya ɓaci.

A lokacin ina gyaran rediyo a Birnin Gwari, ina kuma kai kiɗan faifai gidajen biki. Amfilifayar tsohuwa ce, gadon maigidana da ya koya mini aiki, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Ƙananan lasifiku biyu take ɗauka, ba ƙari.

Da bikin ƙanin matata ya zo, sai surukina, direban motar katako, ya sauko da wata ƙatuwar lasifika daga Kaduna, irin mai amo mai kauri da ake ji har cikin ƙirji. Mutum biyu suka yi nishi kafin su dire ta gindin mangwaro.

"Haɗa mana ita," in ji surukin nawa, "yau har mutanen Gwaska sai sun ji."

Na durƙusa na ce, "Baba, anya za ta ɗauka kuwa?"

"Shekara ashirin ina haɗa wayar mota. Kauce."

Na kauce. Ya murɗa wayoyinta kan na lasifikun nan biyu, ya buɗe murya har ƙarshe. Ƙasa ta girgiza, mata suka yi guɗa, sai fis, 'yar wayar da ke kare na'ura daga ƙonewa, ya tsinke. Na ce a raina alhamdulillahi, fis ya yi aikinsa. Ashe da sauran kallo. Mutumin nan ya karɓi kwalin sigari wurin wani, ya yage takardar nan mai ƙyalli, ya naɗe mataccen fis da ita ya mayar da shi, wai haka suke yi in mota ta mutu a daji. Na san sarai abin da zai biyo baya. Bakina ya buɗe, amma a gaban dangin matata wa ya isa ya gyara wa suruki? Na sunkuyar da kai kamar sabon ango.

Ko waƙa ɗaya ba ta ƙare ba hayaƙi ya tashi, wurin ya game da ƙaurin roba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya kaɗe hannuwansa, ya dubi jama'a ya ce, "Kayan yaron nan ba su da ƙwari." Ni kuwa, da wannan bakin nawa, na ce, "Haka ne, Baba."

Masu kalangu suka ƙarasa bikin. Na ɗaure gawar amfilifayar a bayan keke, kuma ban sake kai kiɗa gidan kowa ba.

Daga ranar na koyi abu guda. Ina durƙusa wa manya har gobe, amma in babba ya miƙa hannu ga abin da na fi shi sani, daga durƙuson nan nake cewa, "A'a, Baba."